Rigunan Rawar Ƙanƙara na 'Yata

Mun iso New York a ƙarshen shekarun tamanin, ni da 'yata ta fari, muka tarar da maigidana da ya riga mu zuwa. Tasi yake tuƙawa, yawanci yana jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Gidanmu yana Morrisania, cikin Bronx, can sama a bene, ga bututun ɗumama ɗaki da ke ta ƙwanƙwasa kamar maƙera duk lokacin sanyi. Ni kuwa tela ce tun daga Kano. Ban jima da zuwa ba na samu keken ɗinki na hannu, na kafa shi a lungun falo, matanmu na unguwar suka fara kawo mini atamfa da leshi da shadda idan suna da biki ko salla ta matso.

Wata ranar Lahadi da rana, ƙanƙara na zuba a waje, muna zaune gaban talabijin sai aka nuno wasu 'yan mata suna rawa a kan daskararren ruwa. Takalmansu na da wani ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa. Su zame, su juya kamar katantanwa, su yi tsalle su dira da ƙafa ɗaya. Yarinyar nan tana 'yar shekara shida ko bakwai a lokacin. Ta ajiye cokalinta ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Da aka nuno wata baƙar fata a cikinsu sai ta juyo ta ce da Turanci, don ta riga ta fara amsa mini Hausa da Turanci, "Umma, kalli! Irina ce!"

Ni ba rawar nake kallo ba. Ɗinkin nake kallo. A zamanin nan rigunansu ba a magana: kafaɗa a kumbure kamar an cusa matashi, gashin tsuntsu a wuya, ƙyalƙyali tun daga ƙirji har gindin siket. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mace za ta ɗaga ƙafa har saitin kanta amma ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Tun daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Ta sa safa ta dinga sulu a kan ledar kicin, ta buge kujera, ta tashi ta sake. Da abin ya ishi babanta sai ya ɗauke ta ya kai ta filin ƙanƙara da ke bakin Harlem, wai ta faɗi sau biyu ta huce. Ta faɗi ya fi a ƙirga, ta dawo gwiwa duk tabo, tana tambayar yaushe za a koma.

A filin nan muka haɗu da malamar da ta koya mata, wata doguwar Baturiya mai shaƙaƙƙiyar murya, kullum da kofin gahawa a hannu. Bayan sanyi biyu ko uku ta kira ni gefe ta ce yarinyar ta isa shiga ƙaramar gasa, sai dai fa ana bukatar riga ta musamman.

Da na faɗa wa maigida sai ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Irin wadda muke gani a talabijin? Wannan ɗan kamfan?"

"Malam, ai ni zan ɗinka," na ce. "Yadda muka so haka za ta fito."

Bai gamsu ba sai da ya je da kansa ya ga malamar. Ta yi masa bayani cewa su ma masu shirya gasar suna da doka: dole rigar mace ta kasance da siket da ya rufe ƙugu da mazaunai, kuma ba a son tsiraici. Ya dawo gida yana gyaɗa kai.

"Ashe su ma suna da malamai a cikinsu," ya ce. Sai ya kafa nasa sharuɗɗan: dogon hannu, rufaffen wuya, doguwar safa mai kauri, siket kuma ya sauko iya yadda zai yiwu ba tare da ya harɗe ta ba.

Na buɗe akwatina na ɗauko wata shadda ruwan hoda da nake ta ɓoyo. Na yanka, na yi mata shafi, na kumbura kafaɗun yadda na gani, na jera ƙananan duwatsu a zare ɗaya na bi wuya da su. Maƙwabciyata Hajiya, 'yar zangon Kumasi ce mai sayar da waake, wato shinkafa da wake irin tasu, da kifi a gidanta, ita ce ta fara ganin rigar a jikin yarinyar. Ta dafe ƙirji.

"Kai! Yarinyan nan ya yi kyau! Wallahi ko bai yi rawa ba sai sun ba shi kyauta."

Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya. Ni ma kaina ya fasu. Na naɗe rigar a leda muka tafi gwaji.

Malamar ta kalli rigar, ta murza shaddar tsakanin yatsunta, ta ce kyakkyawa ce. Sannan ta ce a gwada. Yarinyar ta shiga fili, shadda na ƙara kwaram-kwaram kamar sabuwar takarda. Ta zagaya lafiya. Da ta zo juyawa ta ɗaga hannuwa sama, sai na ji ƙyat! tun daga inda nake tsaye. Hammatar rigar ta yage har ƙugu. Zaren wuyan ma ya tsinke, duwatsuna suka watse a kan ƙanƙara suna gangarawa ko'ina. Malamar ta busa usur, kowa ya tsaya cak, don dutse ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Sai ga yara da iyaye a durƙushe suna tsince mini kayan adona.

A jirgin ƙasa muna komawa gida yarinyar ta ƙi kallona. Hawaye na zuba, ta rungume jakar takalmanta. Da muka wuce tasha biyu sai na ce, "Amma fa ƙarar yagewar nan, ko a Kano an ji ta." Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Muka yi ta dariya har wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya kama dariya shi ma, bai san dalili ba.

Malamar ce ta tura ni wajen wata tsohuwa 'yar asalin Italiya da ke zaune a Port Richmond, a kan wani tsibiri da sai an tsallaka ruwa, wadda ta daɗe tana ɗinka wa masu wannan wasa. Ranar ce na fara shiga jirgin ruwa a rayuwata. Na ƙanƙame ƙarfe ina ta salati har muka tsallaka.

Tsohuwar gajeruwa ce, tabarau rataye a wuya, allurai a bakinta. Turancinta bai fi nawa ba, don haka yawancin hirarmu da hannu muka yi ta. Na shimfiɗa mata yagaggiyar shaddata. Ta juya ta ciki, ta bi ɗinkin da farce, ta sumbaci yatsunta alamar hannuna ya yi kyau. Sannan ta ja shaddar da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ta ɗauko wani yadi mai santsi ta miƙa mini gefe ɗaya ta ja ɗayan, sai ga shi yana biyo ta kamar danƙo. Ta juya shi ta ɗaya ɓarin, nan ma ya miƙe. Yadin roba ke nan.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yankan. Mu a ɗinkinmu ana barin sarari, riga ta sha iska. Ita kuwa sai ta auna ta yanka ƙasa da awon. Na ce, "Mama, wannan ai ba zai shige ta ba." Ta ɗaga mini hannu wai in jira. Ta nuna mini yadda ake ɗinkin zigizag don zaren ya miƙe tare da yadin, da yadda ake haɗa wando a jikin rigar daga ciki don kada ta tattare sama, da yadda ake yanka siket a zagaye don ya buɗe idan ana juyi ya kwanta idan an tsaya. Duwatsu kuma, kowane ɗaya da ƙullinsa, ko a manna shi da gam na musamman. Ta ɗauki zaren da na jera nawa a kai ta girgiza kai tana dariya, ta dungure mini goshi kamar kakata.

Da azahar ta zubo mini taliya da miyar tumatir. Na tsaya ina kallon kwanon. Ta gane. Ta tura hancinta sama da yatsa ta yi gurnanin alade, sannan ta kaɗa hannu: babu. Na ci na ƙoshi, na yi sallata a ɗakin ɗinkinta tsakanin gumakan gwajin riga. Na sha komawa wajenta bayan wannan, wani lokaci da ƙullin dambun nama, wanda ta ce bai kai ya zama abinci ba amma ba ta taɓa barin ko ɗigo ba.

Riga ta biyu ta zauna daram. Sai dai wata matsalar ta ɓullo. Masu wannan wasa suna amfani da wani siririn net mai roba a hannu da wuya da baya, wanda daga nesa za ka ɗauka fata ce, alhali a rufe take. Shi ne zai cika mana sharaɗin maigida ba tare da rigar ta yi nauyi ba. Na tafi layin masu yadi a Manhattan na ce a ba ni net kalar fata. Mai kantin ya sauko da bandir uku, duk kalar madara da aka ɗiga wa shayi.

"Fatar wa?" na tambaye shi, na ɗora hannuna a kai.

Ya kalli hannuna, ya kalli yadin, ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya iyakar abin da ake kawo musu ke nan. Na zaga layin gaba ɗaya, duk labarin ɗaya ne. Doguwar safar ma haka. Na sayo na gwada wa yarinyar, sai ta fito kamar wadda ta tsoma hannuwa da ƙafafu a buhun fulawa.

"Umma, ba zan sa wannan ba," ta ce. A wannan karon na goyi bayanta.

Kakana na wajen uwa marini ne, na tashi ina jin warin baba a tsakar gida, amma ban taɓa rina ko ƙyalle ba. Na fara da ganyen shayi, ya yi fari. Na koma gahawa, wanki ɗaya ta fita. Na buga wa tsohuwata waya, da ƙyar muka fahimci juna, ta ce in sayi garin rini na kanti in zuba masa binega, ruwan tsamin nan na girki, kada ruwan ya tafasa sosai. Na yayyanka net ƙanana ina tsomawa ina shanyawa a kan bututun ɗumama ɗaki. Wani ya fito kalar kunun tsamiya, wani kalar daddawa, wani ya yi wani ja kamar goron da aka tauna. Duk wanda ya bushe sai in kira yarinyar ta miƙo hannu mu je bakin taga mu gwada.

Maigida ya dawo ya tarar da babbar tukunyar miya a kan wuta tana tururi. Ya buɗe da murnarsa, ya ga safa tana iyo a ciki.

"Yau kuma miyar me muka samu?"

"Miyar safa. In zuba maka?"

Ranar burodi da shayi ya ci. Tukunyar kuwa ba ta sake ganin miya ba, ta zama ta rini.

Ranar da muka dace, na ɗora ƙyallen a damtsen yarinyar na rasa inda ya ƙare da inda fatarta ta fara. Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta ruga ta buga wa Hajiya ƙofa don ta nuna mata.

Shekaru suka tafi, tana girma ina sake riguna. Yayi ma ya canza. Zuwa tsakiyar shekarun casa'in gashin tsuntsu ya ɓace, kafaɗu suka sace, manyan 'yan wasa suka koma sa riguna marasa hayaniya, launi ɗaya, ado kaɗan, kamar rigar zuwa liyafa. Ni abin bai yi mini ba. A ganina idan za ka fita gaban jama'a, ka fito a san ka fito. Lokacin da za ta shiga gasa mafi girma da ta taɓa shiga, tana 'yar shekara goma sha uku, mun kai ruwa rana a kan wannan.

"Umma, don Allah kada ki cika mata kaya. Mara ado nake so."

"Mara ado? Sai ka ce mai takaba? Mutane su ce uwarki ba ta iya ɗinki ba?"

"Ba wanda ke sa irin wannan yanzu!"

Muka kwana biyu ba ma ga maciji. Babanta ne ya raba gardamar ba tare da ya sani ba. Ya fito ranar Juma'a cikin babbar rigarsa, ina gyara masa wuya sai idona ya sauka a kan aikin askar da ke ƙirjin, dogayen tsinin nan da ke saukowa daga aljihu. Na kira ta na ce, "Ke, zo ki gani. In na yi miki wannan kaɗai, da ƙananan fararen duwatsu, a kan shuɗi mai duhu, sauran rigar in bar ta haka fa?" Ta zagaya babanta tana kallo, shi kuwa yana ta cewa za mu sa ya makara masallaci. Ta ce, "Wannan kaɗai?" Na ce wannan kaɗai. Na ɗan ƙara wasu a bakin hannu, amma ba ta gani ba sai da aikin ya ƙare.

Ranar gasar maigida ya ajiye aiki, muka cika tasinsa: ni da yarinyar a baya da riga rataye a jikin taga, Hajiya a gaba da kular waake a cinya, wai ba a zuwa yaƙi da yunwa. A wani rufaffen fili ne a wajen gari. Sanyin ciki ya fi na waje. Muka zauna a kan benci cikin manyan riguna, ni da carbi a hannu.

Da aka kira yarinyar, ta zamo zuwa tsakiyar fili ta tsaya. Fitilu suka sauka a kan askar nan ta ɗauki ido, shuɗin kuma ya yi kamar sabon rini. Hannuwanta a rufe har wuyan hannu, amma ba mai cewa akwai yadi a wurin. Kiɗa ya tashi. Ni dai hammatar rigar nake kallo. Ta ɗaga hannu, lafiya. Ta juya, siket ya buɗe kamar faifai ya dawo ya kwanta. A tsalle na biyu ta faɗi, amma kafin in gama salati ta miƙe ta kama kiɗan inda ya kai. Da ta yi juyin ƙarshe ta tsaya cak, hannu ɗaya a sama, sai Hajiya ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

Ban taɓa ganin Turawa sun waiwayo gaba ɗaya irin na ranar ba. Har alƙalan sai da suka ɗago kai. Ni da ya kamata in yi kawaici, tunda 'yar fari ce, na tsinci kaina a tsaye ina tafi da carbi a hannu. Maigida ya cire hularsa ya mayar, ya sake cirewa, ya rasa abin da zai yi da ita.

Ta uku ta zo a rukuninsu. A ɗakin canza kaya wata mata 'yar Haiti ta matso kusa da ni, tana riƙe da 'yarta mai farar safa. Ta taɓa hannun rigar a hankali ta tambaye ni a wane kanti na samu. Na ce a kicin ɗina. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga ta a gidanmu, bayan ita wasu suka biyo, kowace da 'yarta da kalar fatarta.

Yarinyar ta bar gasa da ta shiga babbar sakandare, karatu ya yi yawa, wasan kuma ya fara neman fiye da abin da za mu iya. Ba ta yi baƙin ciki sosai ba. Amma kafin ta rataye takalman ta kafe sai na shiga filin ko sau ɗaya.

"Shekara nawa kina ɗinka wa wurin nan kaya, Umma, ba ki taɓa taka shi ba."

Na sa wandon babanta a ƙarƙashin zani, aka ɗaura mini takalman haya masu nauyi kamar turmi. Ina sa ƙafa a kan ƙanƙarar, kowace ta kama gabanta. Na rungume katangar fili ina kiran sunan Allah. Ita kuwa ta kama hannuwana biyu tana tafiya da baya, tana ja na a hankali, kuma abin mamaki da Hausa take mini magana.

"Sannu-sannu, Umma. Lanƙwasa gwiwa. Kada ki kalli ƙasa, ni za ki kalla."

Babanta yana bakin fili yana dariya har da riƙe ciki, ya ce shi a kan ƙasa Allah ya halicce shi. Mun kai tsakiyar fili kafin in zauna daɓas, in ja ta mu zube tare. Muna zaune a kan ƙanƙarar nan, sanyi na ratsa zanina, yara ƙanana na wuce mu kamar tsuntsaye, na ce mata ta ɗaga ni mu sake gwadawa.